Yadda Ɗan Kasuwar Yamai Zai Shirya Musayar Takardu ta EDI, Mataki-Mataki

Duk wanda ya taɓa zama a ofishin babban ɗan kasuwa a Katako ko Wadata da safiyar Litinin ya san abin da zan faɗa. Yaron ofis na zaune, waya a hannun hagu, yana buɗa hoton takardar oda da yatsu biyu don ya gane ko bakwai aka rubuta ko ɗaya, hannun dama kuma na kan kwamfuta yana kwafewa. Can wajen wanda ya turo, wani yaron ne ya buga takardar a kwamfuta, ya fitar da ita, aka danna hatimi, aka ɗauki hoto aka jefo ta WhatsApp. Kafin a biya kuɗin kayan nan, adadi guda zai bi ta hannun mai oda, da mai magaza, da mai faktir, da mai lissafi, kowa na sake rubuta shi. Na daɗe ina wannan aiki, kuma yawancin rigimar da na gani tsakanin mai saye da mai sayarwa daga kwafi ta taso, alhali duka biyun mutanen kirki ne masu riƙon amana.

Abin da ake kira EDI, wato musayar bayanai kai tsaye tsakanin kwamfutoci, shi ne a cire hannun mai kwafi daga tsakani. Kwamfutar mai saye ta rubuta oda cikin wani tsari da ɓangarorin biyu suka amince da shi tun farko, ta aika, kwamfutar mai sayarwa ta karanta da kanta, ta zuba kowane adadi a gurbinsa. A nan mutane da yawa ke ruɗewa. Faktir da aka turo a PDF ta imel ba EDI ba ce, ko da ba ta taɓa hawa takarda ba, don idon mutum aka yi wa ita. Muddin sai wani ya duba ya sake bugawa, ana nan inda ake.

Dabarar ta girmi yawancinmu. A 1948, da aka toshe hanyoyin shiga Berlin ta Yamma har sai ta jirgin sama ake kai abinci da kwal, wani sojan Amurka mai suna Edward Guilbert da abokan aikinsa suka tsara takardar lodi iri guda, wadda za a iya aikawa ta wayar tangarahu ko rediyo kafin jirgi ya sauka. A 1979 aka kafa kwamitin X12 mai tsara ƙa'idar irin waɗannan saƙonni a Amurka, a 1987 kuma tsarin EDIFACT na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zama ƙa'idar ISO 9735. Ka lura, matsalar lodi ce ta haifi abin. Na'ura daga baya ta shigo.

Mataki na farko: abokin hulɗa ɗaya, takarda ɗaya

Fara da tambayar kanka ko kana bukata. In faktir goma kake fitarwa a wata, bar kuɗinka a aljihu, littafi mai kyau da Excel sun ishe ka. Wanda abin zai amfana shi ne mai shigo da kwantena, da mai rarraba magani ko kayan masarufi ga shaguna da yawa, da wanda ke sayar wa babban kamfani da ya ce sai ta wannan hanya zai karɓi faktir.

In kana cikinsu, ɗauko takardun wata uku da suka wuce, ka tara su bisa sunan abokin hulɗa. Tulin da ya fi tsawo, da shi za ka fara. Cikin tulin kuma zaɓi takarda iri ɗaya tak, oda ko faktir. Na ga waɗanda suka so haɗa kowa da komai a tashi ɗaya, kuɗi suka tafi, ma'aikata suka gaji, aka koma WhatsApp.

Mataki na biyu: gyara sunaye da awo

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi gudu don babu armashi. Kwamfuta ba ta san "ai ka gane" ba. Buɗe jerin kayanka ka duba da idon basira. Za ka tarar da shinkafa guda an rubuta ta sau uku: "shinkafa 50", "riz 50kg", "shinkafa babban buhu". A wajenka abu ɗaya ne, a wajen na'ura kaya uku ne. Kowane kaya sai ya samu lamba ɗaya da ba ta canzawa, kuma buhun kilo 25 da na kilo 50 kowanne da tasa. In kayan na ɗauke da lambar nan mai zane layi-layi ta ƙungiyar GS1, wadda galibi alƙaluma 13 ce, yi amfani da ita, tunda duk duniya ta san ta. In babu, ku zauna da abokin hulɗarka ku yi tebur mai gida biyu: lambarka a hagu, tasa a dama.

Sai awo. Siminti da sauƙi, buhu kilo 50 ne, buhu 20 tan ɗaya. Amma albasar Galmi fa? Buhun da ake cikawa a gona da wanda ake ɗinkewa don fita waje ba lallai nauyinsu ya zo ɗaya ba. Kwalin sabulu na iya zama guda 24 a wajenka, 48 a wajen wani. A ƙa'idar duniya kilo KGM ne, tan TNE, lita LTR. Shawarata, duk abin da za a iya aunawa a rubuta shi da nauyi, buhu ko kwali ya zama bayani na biyu.

Kuɗi kuwa, mu 'yan Nijar muna da tarko namu na gida, wato ƙirgen dala. Wata rana wani dattijo da muke hulɗa da shi daga Tahoua ya bugo waya ya ce a sa masa kuɗin dako ɗari da hamsin kowane buhu. Yaron da ya ɗauka ya buga 150. Dattijon dala yake nufi, wato sefa 750. Buhu 400 ne, giɓin ya kai sefa 240,000, kuma ba a gano ba sai ƙarshen wata. Da na je ba shi haƙuri na ce, "Alhaji, a gafarce mu, yaron da sefa ya ƙirga." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, tun da nake kasuwa wa ka taɓa ji yana ciniki da sefa?" Gaskiya ya faɗa. Baki da dala yake ciniki, takarda da sefa. Saboda haka a rubuta a sarari cewa duk adadin da zai shiga saƙo sefa ne, lambarsa ta duniya XOF, kuma ba shi da ɗigo ko waƙafi a bayansa. In da Yuro ko Dalar Amurka ake cinikin, EUR ko USD za a sa, a kuma daidaita tun farko ko waƙafi ne ke raba ƙananan kuɗi, yadda muka koya a tsarin Faransanci, ko ɗigo, yadda maƙwabtanmu na Najeriya ke yi.

Kwanan wata ma haka. 03/04 a wajenmu uku ga Afrilu ne, a wajen Ba'amurke huɗu ga Maris. Tsarin EDI ya kashe wannan gardama da jera shekara, wata, rana. Lambar ƙasarmu NE ce, ta Najeriya NG, kuma kuskuren harafi ɗaya a nan ya isa ya aika takarda inda ba a nufa ba. Garuruwa da tashoshi na da nasu lambobin: Yamai NENIM, Lome TGLFW, Kwatano BJCOO. A ƙarshe tabbatar da NIF, wato lambar haraji, da lambar rajistar kasuwanci ta RCCM na kowane abokin hulɗa daidai suke a cikin kwamfutarka, harafi da harafi.

Ba da makonni ga wannan mataki in ya kama. Ko daga nan ka tsaya, ka ci riba.

Mataki na uku: zaɓi harshen da za ku yi magana da shi

Galibi ba kai ke zaɓa ba, babba a cikinku ne ke faɗa. Kamfanonin jiragen ruwa da na Turai sun fi amfani da EDIFACT. 'Yan Amurka X12 suka riƙe, inda oda take da lamba 850, faktir 810. Sabbin manhajoji kuma sun fi son XML, wato rubutun da ke sa wa kowane bayani alamar da na'ura ke ganewa, kamar tsarin UBL. Daga Faransa ko Jamus kana iya samun Factur-X, wadda PDF ce da mutum zai karanta amma an cusa XML a cikinta don na'ura. Ina son wannan dabara ga irin kasuwarmu, don Alhaji zai ga faktir ɗinsa da ido, mai lissafi kuma ba zai kwafa ba.

A EDIFACT kowace takarda na da suna mai haruffa shida: ORDERS oda ce, ORDRSP amsar oda, DESADV sanarwar an ɗora kaya, RECADV shaidar an karɓa, INVOIC faktir, REMADV sanarwar biya. Kada sunayen su tsorata ka. Ga yadda zuciyar oda take, misalin buhu 200 na shinkafa:

BGM+220+BC0457+9'
DTM+137:20250304:102'
CUX+2:XOF:9'
LIN+1++SHK50:SA'
QTY+21:200'
PRI+AAA:22500'

Karanta a hankali za ka ga takardar da ka saba ce aka tuɓe wa ado. Layin farko na cewa wannan oda ce, don 220 ke nuna haka, lambarta BC0457, kuma 9 na nufin ta asali ce. Da faktir ce, 380 za ka gani a wurin 220. Layi na biyu ranar da aka rubuta, huɗu ga Maris 2025. Na uku kuɗin ciniki. Na huɗu kaya na farko da lambar da mai sayarwa ya ba shi. Sai yawan da aka nema, sai farashin guda. Alamar tarawa ke raba gida da gida, ɗigo biyu ke raba ɗakunan cikin gida, waƙafin sama kuma shi ne ƙarshen layi. A ƙasan saƙo akwai layin UNT da ke ƙirga layukan duka, don in ɗaya ya ɓace a hanya a sani.

Wannan waƙafin sama fa a yi hattara da shi, don harshenmu da sunayenmu cike suke da shi. Rubuta Birni N'Konni a adireshi, ko Sa'idu a sunan mai karɓa, na'urar can za ta ɗauka layi ya ƙare a tsakiyar suna, ta yi watsi da saƙon gaba ɗaya. Maganinsa alamar tambaya a gabansa: N?'Konni, Sa?'idu. Manhaja mai kyau na yin haka da kanta, amma gwada ka gani da idonka. Haka ƙ da ɗ da ɓ: tsofaffin jerin haruffan EDIFACT ba su san su ba. Wanda ake kira UNOA ko ƙananan haruffa ba ya ɗauka, UNOC na ɗaukar wasulan Faransanci masu alama amma ban da namu masu lanƙwasa. Ko dai ku amince da UTF-8, jerin haruffan da ya san namu, ko ku yarda a rubuta Maradi da d mara lanƙwasa a cikin saƙo. Ni na fi son a nemi UTF-8 tun farko, sunan mutum haƙƙinsa ne.

In abokin hulɗarka ɗan gida ne kamarka, babu wanda ya tilasta muku EDIFACT. Fayil na CSV, wato tebur mai sauƙi irin wanda Excel ke fitarwa, mai gidaje a jere, wanda kuka rubuta ƙa'idarsa kuka sa hannu, ya isa a fara da shi.

Mataki na huɗu: haɗa gida da gida

Manhajar da kake riƙe lissafi da ita tana da nata gidajen, saƙon EDI na da nasa. Aikin a nan shi ne a ce wannan gida nawa, can zai sauka. Nemi abokin hulɗa ya ba ka littafin ƙa'idarsa, don kowane babban kamfani na da shi, kuma a ciki ne ya faɗi gidajen da dole a cika da waɗanda ya bari ga so. Zaunar da mutum biyu a tebur guda: masanin kwamfuta da wanda ya fi kowa daɗewa yana rubuta faktir a gidanka. Na biyun ya fi muhimmanci. Shi ya san cewa wane ana yi masa ragi bayan buhu ɗari, wane kuma kuɗin dako a kansa yake. In ba a tambaye shi ba, na'ura za ta yi kuskure cikin sauri fiye da yadda mutum zai yi.

Kula da haraji a nan. TVA, wato harajin da ake ɗorawa kan farashin kaya, ta gama-gari a Nijar kashi 19 cikin ɗari ce, amma ba kowane kaya ke biyan ta haka ba, don haka kowane layi ya ɗauki nasa kason, kada a jibga a ƙasa.

Mataki na biyar: hanyar da saƙo zai bi

Hanyoyi huɗu aka fi bi. Akwai SFTP, wato akwati mai makulli a wata kwamfuta, kai ka ajiye shi ya ɗauka. Ita ta fi arha da sauƙi. Akwai AS2, wadda ta bazu bayan kamfanin Walmart ya nemi masu kawo masa kaya su koma kanta a 2002; tana rufe saƙo, ta sa masa sa hannu na lantarki, ta dawo maka da shaidar ya isa. Akwai kamfanonin tsakani da ke aiki kamar gidan waya, kana biyansu wata-wata ko bisa yawan saƙo. Akwai kuma shafin intanet da babban kamfani ke buɗe wa ƙananan abokan hulɗarsa su cike da hannu, wanda shi ya huta, kai kuwa kana nan kana kwafi.

A Yamai tambayar farko ita ce wuta da rezo. AS2 na son kwamfutar da ba ta barci dare da rana. In injinka a ofis yake, watan Afrilu ya zo da zafinsa wuta ta ɗauke da tsakar rana, saƙon da aka aiko zai tarar da ƙofa a rufe. Don haka ko dai ka yi hayar wuri a intanet inda na'urar karɓa za ta zauna, ko ka bi ta kamfanin tsakani da zai riƙe maka saƙo har ka dawo. Layin intanet biyu daga kamfanoni daban-daban ba almubazzaranci ba ne. Kalmar sirri kuma kada ta zama guda ɗaya da kowa a ofis ya haddace. Kowa da tasa, wanda ya bar aiki a rufe tasa a ranar.

Mataki na shida: a rubuta yarjejeniya

Shafi biyu ko uku sun isa, amma a sa hannu. A faɗi tsarin da aka zaɓa da shekarar fitowarsa, don EDIFACT na fitar da sabon kundi sau biyu a shekara, kuma kundin D96A daban yake da na D01B. A faɗi lokacin da oda ta zama alkawari: da isarta, ko sai an mayar da amsa? A faɗi wanda za a kira in abu ya tsaya, da abin da za a koma kai kafin a gyara.

Abu biyu nake roƙo kada a manta. Na farko shaidar karɓa. Saƙon CONTRL na cewa na karɓa kuma rubutun ya karantu, amma bai ce na yarda da abin da ke ciki ba. In lambar kaya ba ta nan ko farashi ya saɓa, APERAK, wato saƙon da ke nuna kuskure, ko amsar oda ce za ta faɗa. Wanda ya ga CONTRL ya ɗora kaya a mota ya yi gaggawa. Na biyu maimaici. Rezo ya yanke, yaro bai tabbata ko ta tafi ba, ya sake dannawa, can aka ga oda biyu, aka loda mota biyu. Kowane saƙo sai da lambarsa da ba a maimaitawa, na'urar karɓa kuma ta ƙi duk lambar da ta taɓa gani. In gyara ake so, akwai hanyarsa: a wurin 9 ɗin nan na layin farko, 1 na nufin sokewa, 5 maye gurbi. Faktir da ta riga ta fita kuwa ba a goge ta, takardar ragi ake bi da ita, mai lamba 381.

Mataki na bakwai: gwaji

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kada ka gwada da oda mai sauƙi kaɗai. Ɗauko mafi rikicin takardun bara: wadda aka kawo rabin kaya, wadda aka mayar da buhu goma da ruwa ya taɓa, wadda ke da kaya masu haraji da marasa haraji a haɗe, wadda sunan mai karɓa ke da waƙafi. In sun wuce, sai a yi wata guda ana tafiya da hanya biyu, takarda da na'ura, kowace yamma a gwama. Ranar da aka yi mako biyu babu saɓani, a ajiye takardar.

Duwan da haraji

Da yawa daga cikinmu sun riga sun taɓa irin wannan aiki ba su sani ba. SYDONIA da duwan ɗinmu ke aiki da ita manhaja ce ta hukumar CNUCED ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma samfurinta mai suna SYDONIA World na karɓar bayanai a XML. Duk abin da ka gyara a mataki na biyu, nauyi da lambobi da sunaye, zai sauƙaƙa wa tiranziter ɗinka aiki, musamman yanzu da kaya da yawa ke biyowa ta Lome su ratsa Burkina Faso, hanya ta yi tsawo, takardu sun ƙaru.

Ta ɓangaren haraji, saƙon INVOIC ba ya ɗauke maka wajibcin faktir mai shaidar DGI, wato hukumar haraji, wadda ke fitowa ta tsarinta na tantance faktir da ake kira SECeF. Jera su yadda ya kamata: faktir ta fara samun shaidarta, sannan lambarta da adadinta su shiga saƙon da za a aika, don abin da abokin ciniki ya karɓa da abin da ofishin haraji ya gani su zama ɗaya. Dokar lissafi ta OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, kuma ta ce a adana takardun lissafi shekara goma. Ajiye saƙon yadda ya fita da yadda ya shigo, haɗe da shaidar karɓarsa, a wuri biyu da ba rufi ɗaya ya rufe su ba.

Bayan an fara

Yaron nan mai waya a hannun hagu kada a sallame shi, aikinsa ne ya canza. Kowace safiya kafin komai ya buɗe jerin saƙonnin da aka ƙi da waɗanda ba a amsa ba, ya bi su ɗaya-ɗaya, ya kira wanda ya kamata. Sabon kaya ya shigo, shi zai ba shi lamba ya sanar da abokan hulɗa kafin a fara sayarwa. Farashi ya canza, a aika kafin ranar da zai fara aiki.

In oda da faktir sun zauna, takarda ta gaba da nake ba da shawara ita ce DESADV. Da ita mai magaza zai san abin da ke cikin mota tun tana hanya: buhu nawa, kwali nawa, na wace oda. Ya share wuri, ya kira 'yan dako daidai yawan aikin, mota na tsayawa ya ƙirga ya gwama da abin da ke kan allonsa. In buhu 197 suka sauka maimakon 200, RECADV ta tafi da 197 kafin direba ya juya, kuma kwamfuta ta riƙe faktir ɗin 200 har sai an daidaita buhu ukun.